Masu karatuna yanzu mutum bakwai ne

Ranar da na miƙa wa editanmu takardar ajiye aikin jarida don in koma harkar zuba jari, ko buɗe ta bai yi ba. Ya ɗora kofin shayinsa a kanta, ya kalle ni ya ce, "To Malam, an gaji da ruwan kogi, za a koma kuɗin ruwa ke nan?" Ɗakin ya kwashe da dariya, har da ni. Da daddare Hajiyarmu ta yi mini kusan wannan tambayar, amma ita babu dariya a fuskarta.

Shekara goma sha uku na yi ina rubutu a kan muhalli. Sa'ad da na fara a 2004 ba mai son wannan teburin. Siyasa ke da ambulan, ƙwallo ke da masu karatu, muhalli kuwa sai ranar dashen bishiya, a buga hoton kwamishina riƙe da shebur. Ni abin da ya kama ni shi ne kogin Haɗejiya. Na bi shi tun daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, har gangarawa fadamun Haɗejiya da Nguru. Da can ruwa kan cika da damina ya janye da rani, a yi shinkafa, a kama kifi, makiyaya su sami ciyawa. Da madatsun suka mai da kogin mai gudu rani da damina, sai kacalla ta sami wurin zama ta toshe magudanai, wannan gari ya nutse wancan ya bushe, jan-baki kuma ya sami masauki yana sauka a gonakin mutane. Tun farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka yi lissafi suka nuna cewa ruwan da aka bari ya gangara fadama ya fi kawo amfani, in an haɗa noma da su da itacen girki, a kan irinsa da aka tare don noman rani a sama. Na sha jawo wannan binciken a rubutuna kamar mai jan aya, alhali da za a titsiye ni a ce in bayyana yadda aka yi lissafin, da na ji kunya.

Zamfara ce ta fara karkato da ni. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, kuma gubar dalma ce. Na je da farkon damina. Abin da har yau yake idona shi ne wani turmi a tsakar gida, an daka dutsen zinare a ciki, ƙurarsa ta kwanta a kan tabarma, a kan kwanon abinci, a kan gwiwar yaro mai rarrafe. A bakin gari injin niƙa yana ta cin dutse, irin injin da muka sani da niƙa dawa da masara. Yara aƙalla 400 suka rasu. Na tambayi wani magidanci me ya sa bai bar aikin ba bayan ya binne ɗansa. Bai ji haushina ba. Ya ce, "Malam, abin da dutsen nan ke ba ni a mako biyu, gonata ba ta ba ni shi a shekara. In na bari, sauran me za su ci?"

Na dawo na rubuta labarin da hawaye, an kuma yaba. Sai daga baya na lura ban taɓo tushen ba. Bankuna sun durƙushe a Amurka a 2008, masu kuɗi suka ruga suna sayen zinare don ɓoye dukiyarsu, farashin oza ya haura dala 1,000, a 2011 ya doshi 1,900. Wannan tashin ne ya sa manomi a Anka ya ajiye fartanya ya shiga rami. Rikicin da aka yi a wata duniya ya biyo hanya ya ɓullo a turmin wata mata a Dareta, ni kuwa da ke tsaye a kan turmin ban iya karanta ko layi ɗaya na wannan hanyar ba.

Sai kuma Bagega. Ita ce ta fi girma cikin ƙauyukan da gubar ta shafa, aka bar ta ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba, likitoci kuma suka ce ba amfanin ba yaro magani a mai da shi cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Muka yi ta rubutu, shiru. Wasu matasa ƙarƙashin Hamzat Lawal suka ɗauki wata hanyar, suka sa wa yunƙurinsu suna Follow The Money, ba abin da suke tambaya sai ina kuɗin, a teburin wa suka maƙale, wa zai sa hannu. A Janairun 2013 aka saki kuɗin. Ban ce su kaɗai suka yi ba, mutane da ƙungiyoyi da yawa sun matsa. Amma na ga bambancin mai cewa "yara na mutuwa" da mai cewa "takardar tana ofis kaza".

A wannan tsakanin na haɗa rubuce-rubucena na kogi na buga littafi da kuɗin aljihuna. An yi ƙaddamarwa, an yi alkawura a lasifika, yawancinsu har yau suna hanya. Katan-katan na littafin suka zauna ƙarƙashin gado har uwargida ta fara tambaya ko gara ma tana karatu. Kada in yi wa kaina ado: albashi ma ya taka rawa wajen barina aikin jarida. Wata biyu, wata uku kafin a biya, ga kuɗin makarantar yara ba ya jira.

Na fara koyon lissafin kuɗi ne a wurin wani abokina akanta, bayan sallar isha, a zauren gidansu. Bai fara da littafi ba. Ya ce in ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari wanda ya sayar da atamfa dila goma bashi: a littafinsa ya ci riba, a durowarsa ba ko sisi, ga mai kaya yana ƙofa. Daga nan ya nuna mini takardu uku da kowane kamfani ke fitarwa, ta riba da asara, ta kadara da bashi, da ta shigar tsabar kuɗi da fitarsu, da yadda za a yi wa ta farko kwalliya amma ta ukun ta tona asiri. Ya koya mini Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, kamar yadda ake koya wa yaro allo, gida-gida.

Darasin da ya hana ni barci shi ne na darajar lokaci. Naira ɗari ta yau ba ɗaya take da ta baɗi ba, wannan kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne saurin da take narkewa. Idan mai jari yana neman kashi 20 cikin ɗari a shekara, to naira ɗari da za ta zo masa bayan shekara 15, a lissafinsa na yau ba ta kai naira bakwai ba. A lokacin kuwa ba ƙari ba ne, tunda a Yulin 2016 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 14, bankuna kuma suna ɗora nasu a kai. Na zauna ina kallon wannan bakwai ɗin. Bishiyar da aka dasa yau, fadamar da za ta ciyar da jikoki, ƙwaƙwalwar yaron da aka tsare daga dalma, duk amfaninsu nesa yake zuwa. Shekara da shekaru ina zargin mutane da mugunta, ashe da yawansu ba sa ma ganin abin, lissafin ne ya shafe shi kafin ya iso teburinsu. Akwai miyagun, ban wanke su ba. Amma ba su ne mafi yawa ba.

Na yi rajistar matakin farko na jarrabawar CFA, ta ƙwarewa a nazarin harkar zuba jari. Da dala ake biya, kuma na faɗa daidai lokacin da naira ta zube, don haka kuɗin rajista da na littattafai sai da suka ci babur ɗina. A wancan lokacin a takarda ake yi, tambayoyi 240, awa uku da safe awa uku da yamma. Na tafi Legas da kalkuletana, na zauna cikin yaran da na girme su da shekara goma sha biyar, na faɗi. Na sake zama, na tsallake da ƙyar. A nan na tsaya, ban ci gaba zuwa mataki na biyu ba, kuma ba na ɓoye wa kowa hakan.

Maganar Hajiya ita ce ta fi jarrabawar wuya. Ta ce, "Kai da ka yi karatun allo, yanzu da girmanka za ka je ka zauna inda ake cin ruwa?" Ban ba ta amsa a daren ba. Na je wurin malaminmu na unguwa na zayyana masa komai, shi ma bai yanke mini da gaggawa ba, ya yi ta tambaya a kan ainihin abin da hannuna zai riƙa yi. Abin da ya sauƙaƙa shi ne ban nufi banki ba. Kamfanin da nake nema na zuba jari ne: ya sayi kaso a masana'anta ko gona, in an ci riba a ci tare, in an faɗi a faɗi tare. Ba zan ce ruwa bai taɓa gilmawa ta gabana ba, domin kamfanonin da muke shiga da yawa suna da bashin banki a kansu. Hajiya ta sa mini albarka, amma har yau in na kai mata kuɗi sai ta ɗan jinkirta kafin ta karɓa.

Guraben irin nawa ba daga sama suka faɗo ba. A 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi a Babban Banki, bankunan ƙasar nan suka amince da ƙa'idoji tara da suka wajabta musu duba illar muhalli da ta jama'a kafin ba da kuɗi. Masu kawo jari daga waje kuma suna zuwa da ma'aunai takwas na IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da kamfanoni, waɗanda suka shafi gurɓata ruwa da iska, lafiyar ma'aikata, tayar da mutane daga filayensu da sauransu. A Disambar 2017 gwamnati ta fitar da takardun lamuni na farko don ayyukan muhalli, na naira biliyan 10.69, aka yi ta biki cewa mu ne na farko a Afirka. Wata uku kafin nan sukuk, wato takardun lamuni marasa ruwa, na gina hanyoyi ya tara biliyan 100, sai mai karatu ya auna da kansa. Ko ma dai mene ne, kwatsam aka wayi gari ana neman wanda ya san warin magudana kuma ya iya karanta takardar kuɗi, mu kuwa ba mu da yawa.

A gwajin ɗaukar aiki aka ba ni fayil ɗin wani kamfani, aka ce in kawo shafi biyu bayan kwana biyu. Na kawo shida, na buɗe da wata tsohuwa a bakin rafi. Matar da ta zama shugabata ta karanta sakin layi na farko ta ajiye. Ta ce, "Malam, rubutunka da daɗi. Amma mutum bakwai ne za su karanta wannan, kowannensu yana da minti biyar. Layin farko ya gaya musu a saka kuɗi ko kada a saka. Na biyu ya gaya musu nawa za a rasa in ka yi daidai kuma aka ƙi jin maganarka. Tsohuwar ka kai ta shafi na biyu." Na ji zafi, na gyara, aka ɗauke ni a farkon 2018.

Aikin farko da na riƙe ni kaɗai wata masana'antar jima ce. Wanda ya san unguwannin masana'antu na Kano, Sharaɗa da Challawa da Bompai, ya san abin da nake nufi tun kafin ya sauka daga mota. Majeman gargajiya na cikin birni da bagaruwa suke aiki. Na zamani kuwa farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai suke cire gashi da su, sannan a jiƙa fatar a sinadarin kurom har ta fito shuɗi-shuɗi. Ruwan da ya rage shi ne matsalar. Takardun kamfanin tsaf suke: ga shaidar binciken illa ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada, ga sakamakon gwajin ruwa wata-wata, ko tabo babu. Ranar ziyara Alhaji mai masana'antar da kansa ya zagaya da mu, aka kai mu wurin tace ruwa, injuna na ta juyawa, kumfa na tashi, an share ko'ina har an yi wa bakin kwatami fenti.

Fentin ne ya tsaya mini. Na kuma lura da busasshiyar ciyawa da aka tuge aka jingine a bayan tanki, saiwarta da danshi. Ciyawa ba ta tsirowa a kwatamin da ruwan jima ke bi kullum. Ban ce komai ba, na yi godiya, muka ci abinci. Washegari bayan asuba na dawo a adaidaita, babu jakar ofis, na zauna wurin mai shayin da ke bayan katanga. Kofi biyu muka sha kafin ya ce ai injin nan ba a tayar da shi sai in baƙi za su zo, gas ya yi tsada. Na bi katangar na tarar da bututu yana zubar da ruwa mai launin toka cikin lambatu, lambatun kuma ya nufi inda masu lambu ke jan ruwa.

Da ɗan jarida nake, da nan aikin ya ƙare: hoto, jin ta bakin kamfani, shafin farko. Yanzu kuwa nan ya fara. Maganar mai shayi ba ta shiga gaban kwamitinmu mai yanke shawarar saka kuɗi, sai na koma na nemi rasit ɗin sayen alam da farar ƙasa na shekara biyu, da littafin man janareta. Wurin tacewa mai aiki kullum yana cin kaya kullum. Abin da suka saya bai isa ko wata biyu ba. Na zauna da injiniya muka ƙiyasta kuɗin gyara da na gudanarwa, abokan aikina suka sa a lissafi, ribar da aka zana ta ragu amma ba ta mutu ba. Na rubuta shafi biyu. Kwamiti ya amince a shiga, bisa sharaɗin kuɗin su fita kashi-kashi: ba a sakin na biyu sai an sa mita a wurin tacewa, an kuma kawo gwajin ruwa daga ɗakin binciken da mu muka zaɓa, a ranar da mu muka zaɓa.

Alhaji ya kira ni, ransa a ɓace. "Yaro, na karɓe ka hannu biyu, ashe ta baya ka zagayo mini?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gara ni na gani da a ce mai sayen fatarka a Italiya ne ya gani." Ya yi shiru, ya kashe waya. Bayan mako uku ya sa hannu. Na koma wurin sau huɗu ba sanarwa, sau uku na tarar injin na aiki. A duk shekarun da na yi ina rubutu ban taɓa iya nuna bututu ɗaya in ce ni na sa aka toshe shi ba, sai wannan.

To amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da na kama aiki na sa hannu a takardar riƙe sirri, ban ɗauke ta bakin komai ba sai da wani aikin ya zo. Babbar gonar noman rani ce, za ta ja ruwa daga wani kogi da na san garuruwan da ke ƙasansa ɗaya bayan ɗaya, na kwana a wasunsu. Na ga taswirar, na ga yawan ruwan da za a ja a watannin da kogin ya fi ƙanƙancewa, na ga jerin masu gonakin da aka ce an biya diyya da waɗanda ba a ko ambata ba saboda kiwo suke yi ba noma ba. Na ce kada a shiga sai an rage girman aikin. Masu gonar suka ƙi, kwamitinmu ya janye, aka yaba mini a ofis. Bayan wata biyar suka sami kuɗi a wani wurin da bai tambaye su komai ba. Littafinmu ya fita da tsabta, kogin kuwa bai san an yi ba. Duk abin da ɗan jarida ke mafarkin samu yana cikin kwamfutata, da lambobi da sa hannu, kuma ba ni da ikon furta kalma.

Tsofaffin abokan aiki sun rabu biyu a kaina. Wasu na cewa na sayar da kai, wasu na turo mini takardun neman aiki. Ina ba na biyun shawara ɗaya: su koyi lissafin tun suna cikin jarida, kafin su yanke ko za su fita, domin wanda ya iya karanta takardar kuɗi kuma bakinsa a sake yake ya fi ni amfani a wasu ranakun.

Kwanakin baya wata yarinya da ke riƙe da tsohon teburina ta kira ni. Ta ji ƙishin-ƙishin gonar nan, wani ya ce mata na san zancen. Ta ce, "Baba, ko kaɗan ne ka ɗan haska mini." Na ce mata ba zan iya cewa komai a kan kowane kamfani da ya taɓa zuwa gabanmu ba, ba zan ma ce ya zo ko bai zo ba. Na ji numfashinta ya sauka. Sai na tambaye ta ko ta san cewa rahoton illa ga muhalli na kowane babban aiki ana baje shi ga jama'a kwana 21 na aiki, kuma tana da damar neman ganinsa. Ba ta sani ba. Na ce in ta samu, ta tsallake shafukan farko ta nemi inda aka rubuta yawan ruwa, ta kwatanta da watan Afrilu ba na Agusta ba. In kuma za ta je wurin, ta je bayan asuba, ta bar motar ofis a gida, ta nemi mai shayi.

Ta ce tana rubutawa. Na ajiye wayar, na jawo fayil ɗin wata masana'antar casar shinkafa da kwamiti ke jira ranar Alhamis.